Ranar da Faransa Ta Ƙi Faɗuwa

Shekara arba'in da ɗaya ke nan Crisóforo Tepox yana mutuwa duk ranar biyar ga watan Mayu, kuma kaf garin San Bartolo babu wanda ya kai shi iya mutuwa. Sauran kwanakin shekara mai gyaran takalma ne. Yana da ɗan shago a bayan kasuwa, kullum ƙusa a baki, guduma a hannu, tabarau ya zamo har kan karan hanci. Gajere ne, mai duhun fata, ga gwamen ƙafa, ko makaho ya shafa shi ba zai ce Bature ba ne. Amma ranar bikin sai ya sa jan wando da shuɗiyar kwat mai maɓallan tagulla, ya liƙa gashin baki na jelar doki, ya rataya takobi, ya zama janar ɗin sojojin Faransa. Mutanen gari Don Chóforo suke kiransa in suna son aikin takalmi ya yi kyau, in kuma tsokana suke ji sai su ce Musiyu, irin kiran Faransawa.

Labarin da ake wasan kwaikwayonsa a tudun bayan coci kowa ya san shi tun yana goye. A shekarar 1862 Faransawa suka ƙetaro teku da sojojin da ake cewa babu irinsu a duniya, suka tunkari birnin Puebla na ƙasar Meziko. Sau uku suna hawa tudu, sau uku ana koro su, har ruwan sama ya sauko suka juya. Kakar Crisóforo ta mutu tana rantsuwa cewa kakanta na cikin waɗanda suka gangaro daga duwatsu da adda a hannu suka tare su. To, jikan wannan gidan ne ya ƙare a cikin jan wando, kuma ba komai ya ja masa ba sai soyayya.

Mahaifin matarsa Herminia, Don Macario, shi ne janar ɗin Faransa a wancan zamanin, kuma Allah bai ba shi ɗa namiji ba. Ran da Crisóforo ya je neman aurenta, tsohon bai tambaye shi sana'a ba, bai tambaye shi asali ba. Ɗaki ya shiga ya fito da kwat ɗin ya zura masa. Hannun rigar ya wuce yatsunsa.

"Za a rage," in ji tsohon. "Ka iya faɗuwa?"

Mahaifiyar Crisóforo ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarsa. Shi kuwa tunda ya ga ba makawa, sai ya ɗauki abin kamar yadda yake ɗaukar ɗinkin takalmi, in za a yi a yi mai kyau. Ya yi ta gwaji a kan tsohuwar katifa a tsakar gida har ya fitar da faɗuwa tasa ta kansa. In janar ɗin Meziko ya harba bindiga sama a hawa na uku, sai ya tsaya cak, ya dafe ƙirji, ya yi tangaɗi taku uku, gwiwoyi su sare, ya kife. Har daga ƙauyuka ake zuwa kallon wannan dafe ƙirjin. Daga nan sai ya kwanta ba motsi har a gama kaɗa ƙararrawa da taken ƙasa, sannan ƙarti huɗu su ɗora shi a kan tsohon ƙyauren katako su zagaya dandali da shi sau uku, ana ihu ana jifansa da ɓawon lemo. Abin yakan ɗauki kusan awa guda, kuma bai taɓa ko tari ba.

A watan Fabrairun bana ne numfashinsa ya ɗauke yana tsakiyar buga dunduniyar wani takalmi. Likita ya duba, ya sake dubawa, ya ce jijiyoyin zuciya ne suka toshe. Ya ba shi 'yan ƙwayoyi da ake sawa a ƙarƙashin harshe, ya ce in ciwon ya zo da ƙarfi kada a tsaya neman shawara, kowane minti yana da muhimmanci. Daga shi sai Herminia suka san zancen.

Da safen ranar bikin tana tsaye a ƙofar ɗaki da muciyar miya a hannu, shi kuma yana gaban madubi yana fama da gashin bakinsa. Tun asuba take kan tukunyar mole, miyar da suke yi ranar biki, ƙamshin barkono da cakulan ya cika gidan, talotalo biyu na jira a dafe.

"Tsoho, ina magana ka mai da ni rediyo."

"Ina jin ki, tsohuwa. Miƙo min gam ɗin can."

"Likita ya ce ko bokitin ruwa kada ka ɗauka. Kai kuma tudu za ka hau sau uku cikin hayaƙin albarushi."

"Likitan nan ɗan Veracruz ne. Ta garinsu fa Faransawan suka shigo, me zai gaya min game da yaƙi?"

Ba ta yi dariya ba. Ta shigo ta tsaya a bayansa, suka haɗa ido ta cikin madubi.

"Ba hawan ne ya hana ni barci ba, faɗuwar ce. In ka dafe ƙirji ka faɗi da gaske, wa zai sani? Tafi za su yi maka, Crisóforo. Su ce bana ka fi bara. Su ɗora ka a ƙyauren nan su yi ta yawo da kai, sai an sauke ka a tarar da gawa."

Shi ma abin da ya kwana a ransa ke nan tun Fabrairu. Ba wai bai nemi magaji ba. Mutum uku ya tuntuɓa a ɓoye. Ɗaya ya ce matarsa ba za ta yarda ba, ɗaya ya ce bayansa na ciwo, ɗan ƙanensa kuwa dariya ya yi har da riƙe ciki. Kowa so yake ya shafa baƙin gawayi a fuska ya ɗauki adda ya zama jarumi, ba mai son a jefe shi da ɓawon lemo. Sojojin Faransa ma da ƙyar ake haɗa mutum sittin, sai an yi musu alkawarin abinci da abin sha. In kuwa za a faɗi gaskiya, ba rashin magaji kaɗai ba ne. Mutumin da ya shekara yana durƙushe gaban ƙafafun jama'a yana son ranar nan guda da duk gari ke zuba masa ido, kuma yana ƙaunarta fiye da yadda zai iya gaya wa matarsa.

"In babu Faransa wa za a ci da yaƙi?" Abin da ya iya cewa ke nan.

"To ka gaya wa Leobardo, tunda shi zai harbe ka."

"Ko kusa. In ya sani tausayina zai ji, ya ɓata yaƙin. Ki rantse ba za ki gaya masa ba."

Ta rantse, tana hararar sa. Ta cusa masa kwalbar ƙwayar a aljihun ciki na kwat ɗin, ta ja masa farar safar hannun da ta ɗinka da kanta har ta zauna ɗas.

"Ni dai ba zan je kallo ba," ta ce. "Ina da miya a wuta."

Leobardo Cuautle mahauci ne, ƙaton mutum mai murya kamar ganga, shi ne janar ɗin Meziko shekara talatin. Shi ya riƙe 'yar Crisóforo ta fari a coci ranar baftisma, don haka compadre suke kiran juna. Da suka haɗu a gindin tudu da hantsi, ya dubi Crisóforo daga sama har ƙasa.

"Compadre, ka rame. Faransa ta daina ba ku abinci ne?"

"Naman da kake sayarwa ne ba ya tauno. Ka hau can ka jira ni."

Leobardo ya hau da mutanensa zuwa ganuwar da aka gina da buhunan yashi a ƙololuwar tudun. Jama'a sun cika gefe da gefe, wasu a kan rufin gidaje, wasu a kan itatuwa, sun fi dubu uku. Can ƙasa kusa da famfon dandali motar asibiti na tsaye kamar kowace shekara, saboda masu ƙonewa da albarushi. Crisóforo ya auna tazarar da ido, ya ga ta yi masa nisa.

Aka busa bigila. Ya zare takobi, ya yi gaba.

Hawa na farko ya zo da sauƙi. Bindigogin harba-ka-ruga suka ɗau tsawa daga sama da ƙasa, babu harsashi sai albarushi zalla, amma ƙarar tana girgiza haƙora. Hayaƙi ya turnuƙe. Suka kai rabin tudu, aka koro su, suka gangaro ana yi musu ihu. Ya ji ƙirjinsa ya ɗan ɗaure, ya ce a ransa kwat ɗin ce ta matse.

A hawa na biyu ne abin ya zo. Kamar an ɗora masa dutsen niƙa a ƙirji, zafin ya bi kafaɗar hagu ya sauka har gwiwar hannu, ya hau muƙamuƙi. Bai san yadda ya gangaro ba. A gindin tudu ya juya wa jama'a baya kamar mai ba sojoji umarni, ya cusa hannu cikin kwat. Yatsunsa cikin safa suka kasa kama murfin kwalbar. Ya kai safar baki zai cire da haƙori, sai ga hadarin da ya haɗo tun ɗazu ya ɓarke da ruwa.

Wuri ya kaure da murna. Ba kowace shekara ake dacewa da ruwa a hawa na uku ba, kamar yadda aka yi a ainihin ranar, in an dace kuwa sai a ce shekara za ta yi albarka. Sojojinsa suka yi tsalle, wani ya bangaje shi ba da niyya ba, kwalbar ta suɓuce. Yana kallo takalma suka bi ta kanta, takalman da rabinsu shi ya gyara, suka dulmiya ta cikin taɓo.

Aka busa bigila karo na uku.

Zai iya zama a nan. Ya san haka, kuma tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba. Amma mutum sittin na bayansa suna jira, kuma ƙafafunsa sun saba da hanyar, sai suka tafi da shi. Taku ɗaya, ya ja numfashi. Wani takun, ya sake ja. Ruwa na dukan fuskarsa, gashin bakin ya jiƙe ya yi nauyi. Gefe da gefensa sojojinsa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya yadda aka tsara, kowa na neman inda ba taɓo sosai ya mutu. Da ya kai dutsen nan mai faɗi inda yake tsayawa kullum, shi kaɗai ya rage a tsaye.

Leobardo ya hau kan buhunan yashi, ya ɗaga bindiga sama, ya harba.

Hannun Crisóforo ya tafi ƙirjinsa da kansa, ba shi ya aike shi ba. Jama'a suka ɗau sowa.

"Ga ta nan! Ga ta nan!"

Gwiwoyinsa suka fara sarewa. Ta gefen ido ya hango ƙartin nan huɗu riƙe da ƙyaure, suna washe baki, ɗaya har yana naɗe hannun riga. Ya ga awa gudan nan gaba ɗayanta, ƙararrawa, take, zagaye uku, da shi a kwance ba bakin magana. Sai ya juya takobin ya caka tsininsa cikin taɓo, ya dafa shi da hannu biyu, ya ƙi faɗuwa.

Sowar ta ɗan lafa. Aka jira. Wasu suka fara ƙirga masa, ɗaya, biyu, uku. Yana nan tsaye.

"Musiyu, miya na hucewa!" wata ta ƙwala daga kan rufi, aka kwashe da dariya.

"Don Chóforo," wani sojansa da ke kwance kusa da ƙafarsa ya ce ƙasa-ƙasa, bai buɗe ido ba, "mu fa mun mutu tun ɗazu, sanyi muke ji. Kai ake jira."

Ya buɗe baki zai ce a kira masu motar asibiti, iska ba ta fito ba. Leobardo ya karɓi wata bindigar ya sake harbawa. Dariyar ta fara komawa gunaguni. Wani tsoho ya ce wannan cin mutuncin ƙasa ne, wani ya ce dama jinin Macario ya shige shi, ya ɗauka shi Bafaranshen gaske ne. Ɓawon lemo na farko ya sauka a kafaɗarsa. Samarin da ke kan ganuwa, fuska baƙi da gawayi, suka fara buga adda a ƙasa, kuma ba dukansu ne ke cikin hayyacinsu ba.

Leobardo ya diro, ya gangaro cikin taɓo yana huci, ya tsaya dab da shi.

"Compadre, buguwa ka yi? Faɗi mana! Surukaina sun zo tun daga Cholula, so kake ka kunyata ni?"

"Leo." Sai da ya tara numfashi. "In na kwanta... ba zan tashi ba."

Mahaucin ya dube shi. Ya ga leɓen da suka koma ruwan toka, ya ga yadda takobin ke rawa a ƙarƙashin hannuwansa. Fushin ya zube daga fuskarsa.

"Tun yaushe?"

"Hawa na biyu."

"Ɗan banza. Ɗan banzan tsoho mai taurin kai."

Leobardo ya waiga ya dubi jama'a. Crisóforo ya san abin da yake aunawa, don shi ma ya auna. In aka ce Don Chóforo ba shi da lafiya, mutum dubu uku za su rufto kansa, kowa da ruwansa da maganinsa da addu'arsa, hanya ta toshe, ko kare ba zai ratsa ba. Mutanen San Bartolo ba sa buɗe hanya don ciwo, amma suna buɗewa don kallo.

Leobardo ya fizge takobin ya ɗaga sama, ya zura ɗaya hannun ƙarƙashin hammatar abokinsa ya riƙe shi tamau.

"Bana babu kisa!" Muryarsa ta kai har dandali. "Da ransa muka kama shi! Ku buɗe hanya, a ga fursuna!"

Masu ƙyaure suka dubi juna. Wata tsohuwa ta ce ba haka ake yi ba, tun zamanin Macario ba haka ake yi ba. Sai wani ya fasa ihu, sauran suka ɗauka, taron ya dare biyu tun daga gindin tudu har famfo.

Suka fara gangarawa. A idon masu kallo janar ne yake jan fursuna da ƙeya, amma ƙafafun Crisóforo da ƙyar suke taɓa ƙasa, duk nauyinsa yana hannun mahaucin. Ɓawon lemo na zubo musu ta ko'ina.

"Gobe ma ku ƙara ƙetaro teku!" Leobardo ya daka masa tsawa don a ji. Sai ya sassauta murya. "Taka, compadre. Taka, don Allah. Saura kaɗan."

"Ba na... gani sosai."

"Ba sai ka gani ba, ni ina gani. Ka mutu a hannuna wallahi ba zan je jana'izarka ba."

Wani mashayi ya faɗo gabansu yana son ɗaukar hoto da fursuna, Leobardo ya ture shi da gwiwar hannu ko kallonsa bai yi ba. Masu ganga suka biyo bayansu. Crisóforo yana jin bugun gangar yana jin na ƙirjinsa, ɗaya na tafiya daidai, ɗaya na tuntuɓe. Sau biyu duhu na rufe masa ido, sau biyu hannun nan na girgiza shi ya dawo.

Ƙofofin motar asibitin a buɗe suke, an riga an sauko da gado. Herminia na tsaye a wurin, ta jiƙe sharkaf, gyalenta ya manne mata a ka. Tun bigila ta farko take nan, ta hana direban zuwa ko shan ruwa. Ta kama ɗaya hannun, suka ɗora shi.

"Kada a kwantar da shi, a jingine shi," in ji ma'aikaciyar jinya, tana yanka maɓallan kwat ɗin da almakashi. Ta sa masa ƙwaya a ƙarƙashin harshe, ta rufe masa hanci da baki da robar iska. "Gara da kuka kawo shi yanzu. Direba, tayar!"

"Koma, Leo," Herminia ta ce. "Suna jiran ka. Koma kafin su gane su tare mana hanya."

Mahaucin ya goge fuska da bayan hannu, ya juya da gudu yana ɗaga takobin.

Sai ƙararrawar coci ta fara. An jingine Crisóforo yana fuskantar ƙofa, tudun gaba ɗaya na gabansa. Shekara arba'in da ɗaya yana jin wannan ƙararrawar da fuskarsa a ƙasa, idonsa a rufe, bai taɓa ganin abin da ake yi ba. Yanzu ya ga tuta na hawa kan ganuwa a jiƙe, ya ga hulunan kaba ɗaruruwa sun tashi sama lokaci guda. Ya ga tsofaffin da ke zaginsa ɗazu sun cire hula sun dafe ƙirji. Har matattun sojojinsa sun ɗago kai daga taɓo suna leƙe. Da aka ɗauki taken ƙasa, murya dubu uku, sai ya ji hawaye na bin kuncinsa, kuma ba na ciwo ba ne.

Ya kai hannu ya janye robar daga bakinsa.

"Tsohuwa," ya ce, da ƙyar ake ji. "Mun ci su."

Herminia ta ɓamɓare ragowar gashin bakin daga leɓensa, ta mayar masa da robar, ta riƙe ta da hannunta.

"Mun ci su, tsoho. Yi shiru ka ja numfashi."

Aka rufe ƙofa, motar ta tashi.